Masu cewa babu korona daban, waɗanda aka binne daban

A damtsen Baffana na hagu akwai wani tabo zagayayye mai girman sisi, fatar wurin ta ɗan lotsa tana sheƙi. Tun muna yara muke ganinsa in ya naɗe hannun riga zai yi alwala, ba mu taɓa tambaya ba. Sai a watan Afrilun 2020, ranar da na kai masa takunkumin fuska guda biyar da 'yar kwalbar man tsabtace hannu. Na tsaya daga bakin zaure ina ta zuba masa bayanin da na kwaso a waya, shi kuma yana kan buzunsa yana jan carbi. Ya bar ni na gama, sannan ya janye hannun rigar.

"Ka san mene ne wannan?"

Na ce, "Lamba ce, Baffa."

"Lamba ce, kuma ta girme ka. Ni na ga agana da idona. Na ga wanda ta makantar, na ga gidan da aka fitar da yara uku a mako guda. Ba kai za ka gaya min akwai annoba ba. Abin da nake so ka gaya min, in maƙwabcina na shekara hamsin ya rasu gobe, wa zai tsaya masa?"

Na rasa ta cewa. Fostocin wayar da kai da aka manna a bangon unguwa su ma ba su da amsar.

Tun daga ranar na daina karɓar wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko irina, wai tsofaffin nan ba sa ji, taurin kansu ne zai kashe su. Magana ce mai daɗin faɗa, don tana wanke mai faɗarta. Dattawanmu sun fi mu sanin annoba. Rigar kariyar da aka kawo musu a jikin wani aka auna ta, aka miƙo musu aka ce su saka, da ba ta shige su ba aka ce su ne karkatattu. Cutar da ta same su kuwa, akasari mu muka kai musu ita har ɗaki.

A tuna yadda abin ya faru. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano, ranar 16 aka rufe gari, mako guda bayan nan aka ɗauki azumi cikin zafin bazara. Kafin hukuma ta ce uffan, masu haƙar kabari a Ɗandolo da sauran maƙabartu ne suka fara cewa jama'a, abin nan ba lafiya ba. Sanarwar rasuwa a rediyo ta koma kamar kiran suna a aji: liman, farfesa, tsohon alƙali, attajirin kasuwa, Hajiya wance mahaifiyar su wane. Da aka shiga Yuni, ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan. Mutum 979 ne a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin da hannun korona a mutuwarsu, galibinsu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabi a gida suka cika. Ba kuma ba-zata aka yi mana ba. Tun a Fabrairu alƙaluman ƙasar Sin suka nuna cewa cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu, kusan 15 cikin 100 na masu shekara 80 zuwa sama sun mutu, alhali a 'yan ƙasa da shekara 40 abin bai wuce mutum biyu cikin dubu ba. An san wanda cutar take nema tun kafin ta iso.

To su wa suke ihun babu korona? Ni dai ban ga mai furfura a ayarin ba. Samari ne, suna buga ƙwallo a kan titin da babu mota, suna rera abin suna tafi. In za a yi adalci ma, a jikinsu ba su yi ƙarya sosai ba. Ɗan shekara ashirin zai yi 'yar mura, ya daina jin ƙamshin miya kwana uku, ya warke bai san me ya same shi ba. Da magariba ya dawo gida ya durƙusa gaban kakansa, ya kama hannunsa da hannu biyu, su sha ruwa a kofi ɗaya, su sa hannu a kwano ɗaya. Yaron kirki ne mai ladabi, kuma ta kan ladabin nan cutar ta bi ta shiga.

Mutumin da ya kai shekara saba'in a 2020 ya ratsa annoba iri-iri. Yana saurayi ma'aikatan lamba suka bi gari-gari daga 1967, har agana ta ɓace daga Nijeriya a 1970. Ya ga amai da gudawa tana kwashe unguwa da damina. Ya ga ƙyanda. Ya ga sanƙarau na 1996 da ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Cewa ciwo ana ɗaukarsa daga wani ba baƙon zance ba ne a wurinsa. Sai dai a 1996 ɗin ya ga wani abu daban. A asibitin Zana na Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shi ya sa a 2003, da aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, maganar ta samu wurin zama har Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda. Ba kare dakatarwar nake ba, ta jawo yara da yawa sun shanye a nan da ƙasashen maƙwabta. Ina nuna cewa zargin da ke cikin zuciyar dattijo yana da tarihi, ba kuma fosta ce za ta goge shi ba.

Sannan korona ta shigo ta ƙofar manya. Gwamnan Bauchi ya kamu, na Kaduna ya kamu, talaka ya ce ciwon masu hawa jirgi ne. Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu, washegari aka nuna jana'izarsa a maƙabartar Gudu ta Abuja, mutane kafaɗa da kafaɗa, a daidai lokacin da ake ce wa mutumin Kurna ko Ɗorayi kada ya raka maƙwabcinsa. Dattijo ba ya gardama a kan irin wannan. Kallo yake yi ya ajiye a ransa.

Dubi kuma kalmomin da aka zo da su. A nesanta da juna. A guji cuɗanya. A daina musabaha. An ɗebo su daga Turanci da ɗuminsu, ba a tsaya an ji yadda za su faɗa a kunnen Bahaushe ba. A wurinmu wanda ba ya cuɗanya, ba ya zuwa gaisuwa, ba ya miƙa hannu, sunansa marar zumunci, wanda ranar da tasa ta same shi za a rasa masu ɗaukar makara. Dattijo ya shekara hamsin yana tara wannan jari. Ya je sunan wane, ya je ɗaurin auren wance, ya zauna makokin wancan har sadakar uku. Ba shi da fanshon da ya wuce wannan. Sai wani yaro ya ce ya watsar a mako ɗaya, bai kuma gaya masa me zai riƙe a madadinsa ba. Ko kalmar takunkumi, wa ya zaɓo ta? A kunnen wanda ya tashi a gona, takunkumi abin da ake ɗaura wa jaki ne kada ya ci dawar mutane.

Haka zancen wanke hannu. Hoton da ke jikin fosta famfo ne yana zuba, hannaye biyu suna ta kumfa. Gidan Baffa kuwa jarka ake saye a wurin 'yan garuwa. Ga shi ana magana da mutumin da yake wanke hannu har gwiwa, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya fyace, sau biyar a rana tun kafin a haifi mai fostar. Da an ce masa, "Baba, a riƙa gabatar da sabulu kafin alwala, in an shigo daga waje ma a yi haka," da an gama magana. Fostar ma da boko aka rubuta ta, wata da Turanci, alhali da yawan tsofaffinmu ajami suke karantawa, wasu kuma ido ya riga ya yi rauni. Abokin hirarsu rediyo ne. Gidajen rediyon Kano sun yi ƙoƙari, ba a raina musu ba, amma abin da likita ya gina da safe, da yamma jika zai zo da waya ya kunna wa kaka muryar wani da ba a san ko waye ba, yana rantsuwa da Allah cewa makirci ne. Mu masu wayar mu ne dillalan ƙaryar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne addini. An bari abin ya zama kamar zaɓi tsakanin likita da Allah, kuma duk wanda ya kai dattijon Bahaushe wannan mararraba ya san hanyar da zai ɗauka. Abin da ya fi ci wa Baffa rai a kullen rufe masallaci ne, ga azumi, babu tarawihi babu tafsiri, mutumin da ya shekara talatin bai bar sahun farko ba. Alhali maganar tana nan cikin littattafan da ke kan kantarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, in kuma ta ɓulla ana ciki kada a fita don gudun ta. Sayyadina Umar ya nufi Sham, ya ji labarin annobar Amwas, ya juya da mutanensa. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce i, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Da annobar ta ci Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, sai ta lafa kamar wutar da ta rasa itace. Malamai da yawa sun faɗi wannan, Allah ya saka musu. Wasu kuwa suka ga kasuwa ta buɗe, suka hau mumbari suna ƙaryata abin da ba su da ilminsa, kuma har yau ban ji wanda ya dawo ya ba iyalan mamatan haƙuri ba.

Abin da ya kashe gardamar masallaci a gidanmu hoto ne. Ƙanena ya nuna wa Baffa Ka'aba a waya, filin ɗawafi fayau babu kowa sai masu shara, don Saudiyya ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah," ya miƙa wayar. Daga ranar ya riƙa jan iyalinsa salla a gida.

Duk wannan zancen maza ne. Tsohuwa kam ba wanda ya yi magana da ita. An ce kowa ya zauna a gida, ita da ma a gida take. Ɗakin Inna, uwargidan Baffa, shi ne tashar gidan. Jikoki huɗu a nan suke kwana. Wanda aka yaye a bayanta yake, wanda ya yi laifi can yake ɓuya, wanda zazzaɓi ya kama can ake kai shi don ita ta san jiƙo. A bakin ƙofarta randa take, da moɗa guda ɗaya a kan faifai, duk wanda ya shigo daga rana sai ya ɗiba ya kafa kai ya mayar. In an yi haihuwa a layin ita ake tasowa, in mace ta rasu ita ce mai wanka. Da aka rufe makarantu, yaran da suke wuni a aji suka koma wuni a kan gadonta, suna fita wasa suna dawowa. Dokar da aka yi don kariya baƙi ta ƙara mata. Na gwada cewa a rage shigar yara ɗakin, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in kori jikokina don kada in mutu? To in rayu in yi me?"

Nan ma na rasa ta cewa. Abin da muka iya ƙanana ne: kofinta daban, taga a buɗe, yaron da ke tari ya kwana wurin uwarsa, hira a tsakar gida maimakon cikin ɗaki. Daga baya masana suka ƙara tabbatar da cewa cutar a iska take yawo, kuma rufaffen ɗaki mai cunkoso ne babban haɗarin. Ashe tsakar gida da inuwar darbejiya da muke da su kyauta sun fi kwalbar man da na saya da tsada.

Kada a ce na wanke su tas. Akwai halin tsofaffinmu da ya cuce su, babbansa ɓoye ciwo. Dattijo ba ya cewa ba shi da lafiya. "Ɗan zazzaɓi ne." "Sanyi ne ya ɗan taɓa ni." Yana numfashi da ƙyar zai ce maka da sauƙi, alhamdu lillahi, don a tarbiyyarsa raki abin kunya ne, kuma ba ya son ɗora wa 'ya'ya kashe kuɗi. Sai a aika kemis a haɗo na zazzaɓi, a dafa tazargade da citta da lemon tsami, a yi sirace. Ba na raina sirace, yana buɗe hanci, mutum ya ji daɗin jikinsa. Illarsa kwanakin da yake ci. Korona kuwa tana da wata muguwar ɗabi'a: iskar da ke cikin jini tana iya yin ƙasa sosai mutum yana zaune yana hira, sai a mako na biyu ya rikice farat ɗaya. Kafin a samo mota cikin kulle an makara.

Amma ko ɓoyon nan, in ka tona, tsoro ne a ƙarƙashinsa. Wanda ya sayi likkafaninsa ya ajiye a ƙasan akwati tun dawowarsa daga Makka ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa a zo da motar asibiti a ɗauke shi gaban maƙwabta, a killace shi cikin mutanen da suka rufe jiki ruf ba ya ganin fuskarsu, ya cika babu mai laƙƙana masa kalmar shahada, a hana 'ya'yansa gawar, a binne shi ba wanka ba sutura kamar yadda ya ji ana faɗa. Ya gwammace ya mutu a gadonsa. Da tun farko an fito da bakin limamai an yi bayani dalla-dalla cewa za a sallaci mamaci, za a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, ga kuma yadda za a yi suturar cikin kariya, da mutane da yawa sun yarda an kai su. Waɗanda suka yarda ɗin ma, wasu sun je sun tarar da ƙofa a rufe, don asibitoci masu zaman kansu da dama sun daina karɓar marasa lafiya saboda tsoro da rashin kayan kariya. Mai hawan jini da mai suga suka rasa inda za a duba su. Na san gidan da aka zaga da tsoho wuri uku a dare ɗaya aka dawo da shi. Wannan kuma taurin kan wa?

Abin da ya yi aiki a gidanmu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Daina ba Baffa umarni muka yi. Yayata ce ta gano dabarar. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, yaran nan ba sa jin maganarmu, suna fita suna shigowa, ga Inna ba ƙarfi gare ta ba. Sai dai in kai ka tsawatar." Shi ke nan. Mutumin da jiya ake lallaɓawa, yau shi ya sa aka ajiye buta da sabulu a bakin zaure, ya zauna yana gadi, ba mai wucewa sai ya wanke hannu ko ɗan waye. Ya hana samarin gidan zuwa ƙwallo. Mai zuwa gaisuwa ya tsaya daga nesa ya dunƙule hannu ya yi jinjina kamar yadda ake yi a fada, Baffa ya amsa da hannu a ƙirji, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi don gaisuwa ce da muka gada. Takunkumin ma ya samo masa hanya, ya sa shi ya ja amawalin rawani ya rufe, yana cewa ai sarakuna sun riga likitoci. Abin da dattijo ba zai ɗauka ba shi ne a mayar da shi yaro a gidansa. Da aka ba shi aikin tsare wasu, a ciki ya tsare kansa.

Da allurar riga-kafin korona ta iso a farkon Maris 2021, kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca, Shugaba Buhari ya naɗe hannun riga aka yi masa a gaban kyamara yana da shekara 78. Ya kyauta. Sai dai an fara ne da cewa a yi rajista ta intanet, a je cibiya a bi layi. Wa aka tsara wa wannan? Mai ciwon gwiwar da ba ya iya tsayuwar minti goma, ko tsohuwar da sai an nemo mata adaidaita sahu da ɗan rakiya? Ƙasar nan fa ta san yadda ake kai riga-kafi ƙofar gida. Bayan rikicin 2003 sai da aka koma wurin sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka bi gida-gida ana ɗiga wa yara, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka. Hanyar da aka bi aka kai wa jika, ba a bi ta da wannan himmar an kai wa kaka ba. A Disambar 2021 aka bi ta kan allurai sama da miliyan ɗaya da katafila a wani juji a Abuja, wa'adinsu ya ƙare. Gaskiya ne dab da lalacewa aka turo mana su, amma abin da ciwo. Baffa dai ya yi tasa, ba kuma don bayanina ba. Limaminsu ne ya yi, aka kwana bakwai ana ganinsa a mihirabi lafiya lau.

Korona ta lafa, annoba ba ta ƙare ba. A 2021 amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,600 a Nijeriya, akasari a Arewa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowa jin jiki. Yara waɗannan suka fi kamawa, amma wa ke jinyar yaran, wa ke yanke hukuncin a kai su asibiti ko a jira zuwa gobe? A gidaje da yawa kaka ce. Mai unguwa ya san kowane gida mai tsoho, ya san mai suga da mai hawan jini. Yanzu ya kamata a zauna da shi, ba ranar da aka fara ƙirga kaburbura ba. Yanzu kuma ya kamata malamai da likitoci su fitar da matsaya ɗaya kan wankan gawa da jana'iza da zaman makoki a lokacin annoba, a riƙa karantar da ita a tafsiri da makarantun dare hankali kwance, har ta zama sananniya kamar hukuncin taimama. In ranar ta zo, ba za a ce doka ce daga Abuja ba, karatu ne da aka riga aka yi. Mai rubuta saƙon rediyo kuma ya fara karanta wa kakarsa, in ta ce "me kake nufi?" ya koma ya sake.

Maƙwabcin nan da Baffa ya yi min tambaya a kansa ya rasu a goman tsakiya na azumin. Tari na kwana shida, sai numfashi. Muka taru muka roƙi Baffa ya bari ƙanena ya wakilce shi, shi ya yi ta'aziyya ta waya kamar yadda ya yi wa wasu uku kafin nan. Ya saurare mu, ya ce a miƙo masa rawaninsa. Ya sa takunkumin, ya ja amawali, ya ce in biyo shi da buta da sabulu. A ƙofar gidan mamacin ya tsaya can ƙarshen sahu, ya bar gurbin mutum biyu tsakaninsa da na kusa da shi. Aka yi kabbara huɗu aka sallame. Mutane suka yo kansa da hannu a miƙe, ya ɗora nasa a ƙirji yana sunkuyar da kai. Bai bi su maƙabarta ba, bai zauna makoki ba. Da aka ɗaga makarar ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya miƙo hannayensa na zuba masa ruwa.

A hanya bai ce komai ba sai da muka kai bakin zaure. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce, "Shi ya ranta min kuɗin kwanon nan." Ya shige.